Gurup a gindin antan: wayar da ke shiga ƙasa ita ke tsare rai da kaya

Idan kuran ya ɗauke a Maraɗi ko Damagaram, rezo ba ya tafiya nan take. Batura masu ƙarfin bolt 48 ne ke riƙe da na'urorin da ke gindin antan na ƴan awowi. Amma doguwar yankewa, irin wadda aka sha daga watan Agusta na 2023 lokacin da Najeriya ta tsaida wutar da take sayar ma NIGELEC, ta fi ƙarfin batir. Idan gurup ɗin wurin ya lalace, sai a ɗauko na wucin gadi a mota.

Nan ne gaggawa ke yin ɓarna. Gurup yana tashi ko ba a haɗa jikinsa da ƙasa ba, shi ya sa wasu masu gyara ke tsallake wannan aiki. Kowace antan tana da sandunan jan ƙarfe da aka binne kewaye da ita, ƙarfenta da na'urorinta duk a haɗe suke da su. Dole jikin gurup ɗin ya shiga wannan haɗin. In babu shi, waya ɗaya ta kwaye ta taɓa ƙarfe, kuran zai tsaya a jikin injin yana jiran hannun mai gadi ko mai zuba gazwal.

Kafa ma gurup sandarsa daban, ba tare da an haɗa ta da na antan ba, shi ma bai wadatar ba. Ranar da tsawa ta faɗo da damina, wutarta za ta nemi hanya tsakanin sandunan biyu, kuma hanyar ta cikin na'urorin take bi. Unguwa sai ta kwana ba kira, ba tura kuɗi.

Rairayin ƙasarmu ma ba ya taimakawa: busasshiyar ƙasa ba ta jan wuta da kyau, don haka awon da aka yi da damina ba lalle ya yi daidai da bazara ba. Ga ɓarayin jan ƙarfe, masu yanke wayar ba wanda ya lura, tunda rezo na nan.

Sai makunnin da ke raba gurup da layin NIGELEC. In an tsallake shi, wutar gurup tana iya komawa layi, ta sami ma'aikacin da ke bisa turke yana zaton an kashe.