NOTI YA CIJE A BURKIN BABUR

A ƙauyukanmu akwai tsofaffin babura da yawa. Waɗansu sun girmi masu hawansu, amma har yanzu suna kai mu kasuwa da gona. Tsohon babur kuwa tilas a riƙa duba burkinsa, domin ran mutum a kansa yake.

Burkin irin waɗannan babura yana cikin wani kwano na ƙarfe a tsakiyar ƙafa. Cikin kwanon akwai takalma biyu. In an taka burki, sai su buɗe su matse kwanon, ƙafa ta tsaya. In takalman sun cinye, sai an cire ƙafa a sake su. To, a nan ne akan gamu da wahala. A sa sifana a noti, a ja, ya ƙi motsi. Noti ya cije.

Me ya sa ya cije? Tsatsa ce. Da damina ruwa da taɓo suna shiga tsakanin noti da ƙusarsa. In ruwa da iska suka daɗe a jikin ƙarfe, sai ya yi tsatsa. Ita tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci cin wuri, watau kumbura take yi. Sai ta cike 'yar ƙafar da ke tsakanin haƙoran noti da na ƙusa, su zama kamar abu guda.

Mai gaggawa yakan zura bututu a sifana, ya hau da ƙafa. Ɗayan biyu ne zai faru. Ko ƙusar ta karye, ko kusurwoyin notin su goge ya zama kamar zobe, ba sifanar da za ta sake kama shi. Aikin rabin sa'a ya koma na kwana uku, ga kuma kuɗin mota zuwa birni neman kaya.

Ga yadda za mu yi. Mu kafe babur a wuri mai tauri, kada ya faɗo mana. Mu kankare taɓo da tsatsar da ke waje da burushin waya. Mu duba da kyau. Babban notin ƙafa sau da yawa yana da 'yar waya mai baki biyu da aka soka ta cikin ƙusa don kada ya kwance. In ba a zare ta ba, ko ƙato goma ne ba za su juya shi ba.

Sa'an nan mu ɗiga kananzir, ko man kwance tsatsa da ake sayarwa a gwangwani, daidai inda noti ya haɗu da ƙusa. Mu ɗan ƙwanƙwasa gefen notin da ƙaramar guduma, a hankali, don tsatsar ta farfashe man ya sami hanya. Kada mu bugi kan ƙusar, haƙoranta za su lalace. Sai mu bar shi. In ya sami kwana ma ya fi. Sannu ba ta hana zuwa. Amma mu kula ƙwarai kada mai ya gangara cikin kwanon burki. Takalmin da ya sha mai ba ya kamawa, sai dai a yar.

Maganar sifana tana da muhimmanci, bari mu tsaya a kanta. Sifana mai zobe ta fi mai buɗaɗɗen baki, domin zobe yana rungumar noti ta ko'ina, mai baki kuwa gefe biyu kaɗai take kamawa. Kuma ba duk noti ne awonsu ɗaya ba. Baburan Japan, kamar su Honda da Yamaha da Suzuki, da milimita ake auna notinsu: 10, 12, 14, 17, 19. Tsofaffin baburan Ingila kuwa, kamar BSA da Triumph na shekarun 1950, awonsu dabam ne. Sifanarsu ana kiranta da sunan wani Bature, Joseph Whitworth, wanda ya tsara awon haƙoran ƙusa a 1841. Akwai wani notinsu da faɗinsa ya ɗara milimita 13 kaɗan. Sifana 13 ba ta shiga, 14 kuwa tana shiga amma tana rawa. Wannan rawar ita ke goge noti. In sifana ba ta zauna daram ba, gara mu je aro.

Da sifana ta zauna, mu fara ɗan ja wajen ɗaurewa kaɗan, don tsatsa ta saki. Sa'an nan mu juya wajen kwancewa, watau sabanin yadda hannun agogo ke tafiya. In ya motsa kaɗan ya tsaya, kada mu tilasta. Mu ƙara mai, mu yi gaba, mu yi baya, har ya saki.

In duk wannan bai yi ba, sai wuta. Ƙarfe in ya ji zafi buɗewa yake yi. Saboda haka notin ake gasawa, ba ƙusar ba. Wannan aikin mai walda ne. A goge kananzir sarai tukuna, a cire tankin fetur a kai nesa, a kāre taya da duk abin roba. Farantin burki sau da yawa na alminiyam ne, shi kuwa yana narkewa ba tare da ya yi ja ba. Notin da aka gasa ba a mayar da shi.

Dabara ta ƙarshe ita ce a yanka gefen notin da zarto, a tsaga shi da kurfi. Noti araha ne, ƙusar ce mai tsada.

In kwano ya buɗe, kada mu hura ƙurar da ke ciki da baki. Tsofaffin takalman burki da yawa an yi su da wani abu da ake kira asbestos, ƙurarsa tana lalata huhu. Mu share da jiƙaƙƙen tsumma, mu yar da tsumman.

Wajen mayarwa, mu shafa giris kaɗan a haƙoran ƙusa, mu sa sabuwar waya mai baki biyu. Mu daidaita notin da ke ƙarshen sandar burki, yadda abin takawa zai sauka kamar santimita 2 ko 3 kafin ya kama. Mu juya ƙafa da hannu mu ji ba ta gugar komai. Sa'an nan mu gwada burkin a fili, a hankali, kafin mu ɗauki kowa mu hau hanya.