Gubar dalma: Yadda yaran Anka da Bukkuyum suka shiga littattafan likitocin duniya

Mutane da yawa a Arewa sun san sunan Dokta Nasir Sani-Gwarzo ne a shekarar 2020, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta tura shi Kano ya jagoranci tawagar da ta binciki yawan mace-mace a farkon annobar korona. Wasu kuma sun san shi a matsayin babban sakatare a Abuja.

Amma wanda ya rubuta sunansa a PubMed, rumbun intanet da ke tattara maƙalun likitanci na duniya, zai ci karo da wani tarihin daban, wanda ya faro daga ƙauyukan haƙar zinare na yammacin Zamfara. Sunansa na cikin jerin marubutan aƙalla uku daga cikin maƙalun da aka fi dogaro da su kan annobar gubar dalma ta 2010, wadda ta kashe yara fiye da 400.

A duniyar bincike, irin wannan jeri shi ne jarin mutum. Da shi ake neman ƙarin girma a jami'a, da shi ake neman tallafin kuɗi. Kuma akwai hanyar da ake auna nauyinsa.

Yadda ake ƙirga

Duk lokacin da wani mai bincike ya dogara da aikin wani a cikin tasa maƙalar, wajibi ne ya ambace shi. Wannan ambaton ake ƙirgawa. Shafuka irin su Google Scholar da Scopus na nuna sau nawa aka ambaci kowace maƙala.

A 2005 wani masanin kimiyyar fiziya a Amurka, Jorge Hirsch, ya fito da ma'aunin da ake kira h-index. Idan aka ce na mutum ya kai 20, ana nufin yana da maƙaloli 20 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 20. Lamba ɗaya tak, sai ta tsaya a madadin aikin shekara da shekaru.

Tambayar ita ce, me wannan lamba ke faɗa game da aikin da aka yi a Dareta da 'Yargalma da Bagega?

Abin da maƙalar farko ta gano

A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke sa ido kan cutar sanƙarau suka samu labarin yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Yaro zai fara amai, ya shiga jijjiga, ya suma, cikin 'yan kwanaki a kai shi makwanci. An ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, an ba da na sanƙarau, ba a ga sauƙi ba. Sai da aka aika jini wani ɗakin gwaji a Jamus kafin aka gane dalma ce.

Cibiyar daƙile cututtuka ta Amurka, CDC, ta turo ma'aikata, suka haɗu da likitocin Najeriya suka bi gida-gida a ƙauyuka biyu da abin ya fi ƙamari. Sakamakon ya fito a 2012 a mujallar Environmental Health Perspectives, da sunan Carrie Dooyema a gaba.

Alƙaluman ba su da daɗin karantawa. Cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda, wato ɗaya cikin kowane huɗu. Kashi 82 cikin ɗari na waɗanda suka rasu sun yi jijjiga kafin rai ya yi halinsa. Cikin yara 204 da aka gwada jininsu, kashi 97 cikin ɗari na da dalmar da ta kai ko ta haura maikrogiram 45 a kowace desilita, matakin da ake fara ba da maganin fitar da guba.

Tushen abin kuwa a tsakar gida yake. Kusan kashi biyu cikin uku na gidajen da aka bincika a ciki ake sarrafa dutsen zinare: a fasa, a daka, a shanya. Ƙurar na sauka inda yara ke rarrafe, su kai hannu baki. Daga baya masanan duwatsu na Amurka ƙarƙashin Geoffrey Plumlee suka nuna a 2013 cewa dalmar da ke dutsen yankin nau'in da ke saurin narkewa ne a cikin ciki, shi ya sa ta yi irin wannan kisa.

An ambaci maƙalar Dooyema sau ɗaruruwa. Kusan duk mai rubutu kan haɗarin haƙar zinare ta gargajiya ga yara, a Afirka ko Asiya ko Kudancin Amurka, da wuya ya tsallake ta.

Wa ke gaba, wa ke tsakiya

Marubuta 15 ne a kan wannan maƙala. A al'adar mujallun likitanci, na farko shi ne wanda ya ɗauki mafi yawan aikin rubutun, na ƙarshe kuma shi ne babba mai kula da binciken. A nan na ƙarshen ita ce Mary Jean Brown ta CDC. Sunayen 'yan Najeriya, irin su Oladayo Biya da Saheed Gidado da Suleiman Haladu da Sani-Gwarzo, suna tsakiya.

Na'urar ƙirga ba ta nuna bambanci, kowa a jerin na samun ambatonsa. Sai dai idan wani ya ambaci aikin a cikin rubutu, sunan farko kawai yake kawowa ya ce "da abokan aikinsa". Wanda ya yi magana da mai gari, ya shawo kan uba ya yarda a ɗebi jinin ɗansa, ya tambayi uwa da Hausa yadda ɗanta ya rasu, yana cikin wannan "abokan aiki". Masu tafinta da ma'aikatan lafiya na ƙauye kuwa galibi ko jerin ba sa shiga.

Ba a ce an yi wa kowa rashin adalci da gangan ba. Wanda ke da kuɗin bincike da ɗakin gwaji shi ke riƙe da alƙalami, haka tsarin yake. An ɗan samu sauyi a 2014, lokacin da rahoton binciken jinin yara da aka yi a 2012 ya fito a mujallar mako-mako ta CDC da sunayen 'yan Najeriya a sahun gaba, ciki har da Dokta Nasir Umar-Tsafe na Zamfara.

Maƙalar da ta kai Janeba

Idan ana neman aikin da ya sauya yadda likita ke duba yaro, to maƙalar 2014 ce da ta fito a mujallar PLoS Medicine, wadda Dokta Natalie Thurtle ta MSF ta jagoranta, Sani-Gwarzo na cikin marubutanta.

Kafin Zamfara, littattafai sun fi karkata ga allura idan gubar ta yi tsanani sosai, a asibiti mai kayan aiki. A Anka da Bukkuyum babu wannan hali, ga yara ɗaruruwa a lokaci guda. Sai aka yi amfani da maganin sha mai suna DMSA, wanda ke kama dalma a cikin jini ya fitar da ita ta fitsari. Maƙalar ta bi diddigin zagayen magani 3,180 da aka ba yara 1,156. Ta nuna dalmar na raguwa, ta fi raguwa ga yaran da ake ba su maganin a gaban ma'aikaci, kuma ba a ga wata mummunar illa daga maganin ba.

A watan Oktoban 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta fitar da ƙa'idojinta na kula da masu gubar dalma, kuma bayanan Zamfara na cikin hujjojin da ta duba. A lissafin Google Scholar wannan ambato ɗaya ne, daidai yake da na ɗalibin da ya saka sunan maƙalar a shafin ƙarshe na kundinsa ba tare da ya karanta ta ba. A aikace kuwa shi ne abin da likita a wata ƙasa zai buɗe ranar da aka kawo masa yaro yana jijjiga.

Irin wannan giɓi ne ya sa wasu masana da editocin mujallu suka tsara sanarwar San Francisco a 2012, suna neman a riƙa auna bincike da abin da ya ƙunsa, ba da martabar mujallar da ya fito a ciki ba.

Ƙasar da aka kwashe da hannu

Magani kaɗai bai isa ba. Yaron da aka yi wa magani ya koma gidan da ƙasarsa ke cike da dalma zai sake kamuwa. Don haka sai an fara tsaftace ƙauye kafin a ci gaba da jinyar yaransa.

Simba Tirima, masanin muhalli ɗan asalin Kenya da ya yi shekaru a wannan aiki, shi ne marubucin farko na maƙalar 2016 da ta ba da lissafinsa. An kwashe gurɓatacciyar ƙasa fiye da kubik mita 27,000 daga gidaje da wuraren sarrafa dutse 820 a ƙauyuka takwas, mafi yawa da hannu. An fara da Dareta da 'Yargalma a 2010, aka bi da Abare, Sunke, Duza, Tungar Daji da Tungar Guru. Yara 2,349 suka samu magani. Matsakaicin dalmar jinin yara ya sauko daga maikrogiram 149 zuwa 15 cikin shekara huɗu.

Bagega, wadda ta fi su girma, ta jira har 2013. Hujjojin kimiyya na nan tun kafin lokacin, amma kuɗin bai fito ba sai da ƙungiyar Human Rights Watch da matasa irin su Hamzat Lawal suka matsa wa gwamnatin Goodluck Jonathan lamba a kafafen sada zumunta. Babu ma'aunin ambato da ke ƙirga wannan jinkiri.

Hanyar dawowa gida

Labarin ya fita daga Anka ya kai Atlanta da Janeba. Dawowarsa ce ke da wuya. Maƙalun duk da Turanci suke, Turancin ma na masana. Mai injin niƙa dutse a Bagega ba zai karanta su ba, ko da yake da dama cikinsu kyauta ne a intanet.

A 2015 irin wannan guba ta kashe yara 28 a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, shekara uku bayan fitowar maƙalar Dooyema. Wani bincike da Perry Gottesfeld ya jagoranta, wanda ya fito a 2019, ya nuna fesa ruwa a lokacin niƙa dutse na rage ƙurar dalma a iska da kusan kashi 95 cikin ɗari. Dabara ce mai sauƙi, amma sai an kai ta bakin injin.

Akwai kuma wuraren da binciken bai taka ba. Manyan binciken ƙauye-ƙauye na 2010 da 2012 sun taƙaita ne ga Anka, Bukkuyum da Maru. Gummi, wadda ke maƙwabtaka da Bukkuyum har suna mazaɓar ɗan majalisar tarayya ɗaya, ba ta cikinsu. Matsalar 'yan bindiga da ta dabaibaye yankin daga baya ta sa shiga ƙauyuka da kayan gwajin jini ya zama kasada ga kowane mai bincike.

MSF ta miƙa aikin kula da masu gubar dalma ga Gwamnatin Zamfara a farkon 2022, bayan ta gwada yara fiye da 8,000. Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a jihar a 2019, ta ɗage haramcin a watan Disamban 2024. A watan Afrilun 2025 aka sake samun rahoton gubar dalma, wannan karon a Ƙaramar Hukumar Bungudu.

Yaran da suka tsira a 2010, waɗanda jininsu ya zama alƙaluman waɗancan maƙaloli, yanzu samari ne da 'yan mata. Dalma na barin tabo a ƙwaƙwalwa wanda magani ba ya gogewa.