Bayan an yi nasarar rage ƙiba: A shiga tiyatar cire fatar ciki ko a haƙura?

Duk wanda ya taɓa sauke kilo 30 ko 40 daga jikinsa ya san irin wahalar da ke ciki. Ya rage tuwo da shinkafa, ya ƙaurace wa lemon kwalba a wajen taro, ya riƙa fita tattaki da asuba kafin cunkoson hanyar Kubwa ko Nyanya ya kankama. Likita ya duba ya ce hawan jini ya sauka, suga ya daidaita, tela kuma ya rage masa kaya sau biyu ko uku. Sai dai akwai abin da abokan aiki masu yabon sabon jiki ba sa gani, wato fatar ciki da ta saki ta zubo a kan mara, wadda babbar riga ko abaya ke rufewa da rana, mai ita kuma ya kwana da damuwarta.

A wannan gaɓa ce mutane da dama, maza da mata, ke fara tunanin tiyatar da likitoci ke kira abdominoplasti. Shawara ce mai nauyi, domin ta shafi rai da aljihu da wurin aiki, wasu kuma har da imaninsu.

Dalilin da fatar ba ta komawa

A cikin fata akwai wasu zaruruwa da ke ba ta ƙarfi da kuma damar miƙewa ta dawo. Idan ƙiba ta ja su tsawon shekaru, sukan lalace, kamar robar wando da ta gaji. Gwargwadon yawan kilon da aka sauke, da daɗewar da aka yi cikin ƙibar, da shekarun mutum, da yawan haihuwa ga mata, gwargwadon yadda fatar za ta ƙi komawa. Motsa jiki na ƙarfafa naman da ke ƙarƙashi, amma ba ya cire fatar da ta yi yawa. Haka nan man shafawa da shayin rage tumbi da ɗamarar da ake tallatawa a Instagram, babu wanda ke iya wannan aiki.

Matsalar kuma ta wuce ta kallon madubi. Gumi na taruwa a ƙarƙashin ninkin fatar, musamman a zafin Fabrairu zuwa Afrilu na Abuja, ya haifar da ƙuraje da ƙaiƙayi da wari, wani lokaci har da gyambo. Wasu fatar na hana su tafiya da sauri, wasu kuma na fama wajen tsaftace wurin.

Aiki uku da ake yawan cakuɗawa

Ya kamata mai tunanin wannan aiki ya bambance abubuwa uku. Na farko shi ne zuƙe kitse da bututu. Wannan kitse kawai yake cirewa, kuma ga wanda fatarsa ta riga ta saki, yana iya ƙara mata reto. Na biyu shi ne yanke fatar da ta zubo kaɗai, ba tare da taɓa naman ciki ba, wanda galibi ake yi saboda larurar ƙuraje da gyambo. Na uku shi ne cikakken aikin: likita ya tsaga ƙasan ciki daga wannan ƙugu zuwa wancan, ya ɗaga fatar, ya ɗinke naman gaban ciki idan ya rabu, ya yanke fatar da ta yi yawa, sannan ya buɗe wa cibiya sabon gurbi. Yakan ɗauki awa 2 zuwa 5, kuma yawanci sai an sa majinyaci barci gaba ɗaya.

Babu ɗaya daga cikinsu da ke maganin ƙiba. Kitsen da ke can ciki kewaye da hanji, wanda shi ne ya fi alaƙa da ciwon suga da ciwon zuciya, wuƙar wannan tiyata ba ta kai wa gare shi.

Lokacin da ya dace

Likitocin wannan fanni kan buƙaci nauyin mutum ya tsaya wuri guda na aƙalla wata 6. Wanda ya rame ta hanyar tiyatar rage girman tumbin abinci, akan ce ya jira wata 12 zuwa 18, a kuma auna jininsa, domin irin waɗannan kan yi ƙarancin jini da sinadaran gina jiki, abin da ke hana rauni warkewa. Mai amfani da allurar rage ƙiba irin su Ozempic wajibi ne ya sanar da likitan sa barci, saboda maganin na jinkirta fitar abinci daga ciki. Ya kuma tambayi kansa ko zai iya riƙe nauyinsa idan ya daina allurar, domin ƙiba kan dawo wa da yawa daga cikin waɗanda suka daina.

Macen da ke da niyyar sake haihuwa an fi ba ta shawarar ta dakata. Tiyatar ba ta hana ɗaukar ciki, amma sabon ciki na sake miƙar da fatar da naman da aka ɗinke, kuɗi da wahala su tafi a banza. Mai shan taba ko shisha kuwa sai ya daina makonni 4 zuwa 6 kafin aiki da bayansa, domin sinadarin taba na matse ƙananan hanyoyin jini, fatar da aka ɗaga ta rasa isasshen jini ta mutu. Masu ciwon suga da hawan jini sai an daidaita su tukuna, mai sikila kuma na buƙatar shiri na musamman.

Haɗarin da ba a faɗa a talla

Abin da ya fi faruwa bayan aikin shi ne taruwar ruwa a ƙarƙashin fata, wanda sai an riƙa zuƙe shi da allura. Akwai zubar jini, da shigar ƙwayoyin cuta, da buɗewar ɗinki, da mutuwar jin taɓi a ƙasan cibiya na watanni ko har abada. Mafi muni shi ne daskarewar jini a jijiyar ƙafa, gudan ya ɓalle ya toshe huhu, abin da ke iya kisa cikin ɗan lokaci. A cikin ayyukan gyaran jiki, wannan tiyata na sahun gaba wajen wannan haɗari.

Tabo kuma dole ne. Dogo ne, yakan ɗauki shekara guda zuwa wata 18 kafin ya lafa, kuma baƙar fata ta fi saurin yin tabo mai tudu da ke ci gaba da girma. Wanda hujin kunne ko tsohon rauni ya taɓa yi masa haka, ya nuna wa likita tun a ganawar farko.

'Yan Najeriya ba su manta da rasuwar Stella Obasanjo ba, uwargidan shugaban ƙasa na lokacin, wadda ta rasu ranar 23 ga Oktoba, 2005, a ƙasar Sifen bayan tiyatar zuƙe kitse, makonni kaɗan kafin ta cika shekara 60. A 2009 wata kotu a ƙasar ta samu likitan da laifin sakaci, ta yanke masa ɗaurin shekara guda. Matsayi da kuɗi da asibitin Turai ba su hana abin faruwa ba.

Lissafin ma'aikaci

Ma'aikacin gwamnatin tarayya na da nasa lissafin na daban. Tsarin inshorar lafiya da hukumar NHIA ke kula da shi, wadda dokar 2022 ta kafa a madadin NHIS, ba ya biyan tiyatar kwalliya. Wanda ke ganin tasa larura ce, ya tara takardun asibiti na jinyar ƙuraje da gyambo, ya nemi amsa a rubuce daga kamfanin inshorarsa kafin ya sa rai. In ba haka ba, daga aljihu ne, kuma kuɗin ya haɗa da gwaje-gwaje, da likitan sa barci, da kwanan asibiti, da rigar matsi, da tanadin gyara idan an samu tangarɗa. Cin bashin ƙungiyar adashen ma'aikata domin aikin da ba na gaggawa ba abu ne da ya kamata a yi wa dogon nazari.

Sai batun lokaci. A makon farko ko na biyu mutum ba ya iya miƙewa sosai, sau da yawa da robar fitar da ruwa a jikinsa, salla ma sai a zaune. Aikin ofis akan koma bayan mako 2 zuwa 4, ɗaukar kaya mai nauyi kuwa sai bayan kimanin mako 6, kuma a tsawon wannan lokaci ana sanye da rigar matsi. Hadimin da ke bin maigidansa daga taro zuwa filin jirgi ya sani cewa dogon zama a mota ko jirgi jim kaɗan bayan tiyata na ƙara haɗarin daskarewar jini. Wannan ya shafi masu zuwa Turkiyya ko Indiya ko Masar su dawo cikin kwanaki, waɗanda idan ɗinki ya buɗe a Abuja, likitan da ya yi aikin na can wata ƙasa.

Mahangar addini

Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta tattauna tiyatar gyaran jiki a zamanta na 2007 a Malesiya. Ta halatta aikin da ake yi domin mayar da gaɓa yadda take ko kawar da aibin da ke cutar da jiki ko zuciya, ta kuma hana wanda ake yi domin son zuciya da kwaikwayo kawai. Malamai kan kafa hujja da sahabi Arfaja bin As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙi, Annabi (SAW) ya ba shi izinin sanya na zinare. Inda lamarin mutum ya faɗa tsakanin larura da ƙawa, shi da likitansa da malaminsa ne za su tantance.

Kafin a sa hannu

Duk wanda ya yanke shawarar yi, ya tabbatar likitan na da rajista da lasisi mai aiki a hukumar MDCN, kuma ya kammala horon ƙwarewa a tiyatar gyaran jiki daga kwalejin horar da ƙwararrun likitoci ta Najeriya ko ta Afirka ta Yamma ko makamanciyarsu. Ƙungiyar likitocin fannin, NAPRAS, wuri ne na bincike. Ya tambayi wane ne zai sa shi barci, ko asibitin na da ɗakin kulawa ta musamman da tanadin jini, wane mataki ake ɗauka kan daskarewar jini, da wanda zai kira idan zazzaɓi ya taso da tsakar dare. Likitan da ya ce babu wani haɗari, ko yake matsa wa mutum ya biya kafin rangwame ya ƙare, a nemi wani.

Haƙura ma zaɓi ne. Da yawa na rayuwa lafiya da fatar, suna busar da ninkin bayan wanka, suna sanya kaya masu tallafe ciki, suna zuwa asibiti da zarar ƙuraje sun fito. Ribar da aka nema tun farko, wato sauƙin numfashi da hawan jini da suga, tana nan ko an yanke fatar ko an bar ta. Fatar ba ta zuwa ko'ina, saboda haka wanda bai gama natsuwa ba, ba zai yi asarar komai ba idan ya ƙara wata 6, ya ga likita na biyu, ya kuma tara kuɗinsa ba tare da bashi ba.