Shirin Musamman: Yadda Ake Faɗaɗa Gidan Tayar Tsohuwar Mota a Amurka

(KIƊAN BUƊE SHIRI)

MAI GABATARWA: Yau za mu leƙa garejin masu gyaran tsofaffin motoci a ƙasar Amurka, mu ga wani aiki da ake yi da giranda da wutar walda. Aikin shi ne faɗaɗa gidan tayoyin baya, wato wannan kogon ƙarfe da taya ke juyawa a cikinsa, domin ya ɗauki taya mai faɗi. Sai ku gyara zama.

(SAUTI: ƙarar giranda tana cin ƙarfe)

MAI GABATARWA: A watan Afrilun 1964 kamfanin Ford ya fito da motarsa Mustang, matasan Amurka suka yi mata caa. Ganin haka, kamfanin Chevrolet ya mayar da martani da tasa, Camaro, wadda ta shiga kasuwa a watan Satumban 1966. Samfurin farko na Camaro, daga 1967 zuwa 1969, shi ne har gobe masu sha'awar tsofaffin motoci ke rububinsa, kuma a kansa za mu yi bayani.

Wasu daga cikin motocin nan suna da inji mai ƙarfin gaske. Akwai Camaro da ta fito daga kamfani da inji mai ƙarfin doki 375. Amma tayoyin wancan zamani sirara ne, da yawansu faɗinsu bai kai milimita 200 ba. Direba na taka totur, sai tayoyin baya su kama juyawa wuri guda, hayaƙi ya turnuƙe, mota ba ta je ko'ina ba. Yau kuwa abin ya ƙara tsanani, domin masu motocin kan cire tsohon inji su ɗora na zamani, irin LS3 mai ƙarfin doki 430. Duk ƙarfin inji, ta wurin ɗan abin da taya ta taɓa na kwalta yake isa ƙasa. Shi ya sa ake neman taya mai faɗin milimita 315 ko 335, wadda tsohon gidan taya ba zai iya ɗauka ba.

Masu tseren miƙaƙƙen layi, na mita 402, su ne suka fara yanke bayan mota gaba ɗaya suna kafa manyan gidajen taya. A ƙarshen shekarun 1970 salon ya fito kan titi da sunan Pro Street, inda har kujerar baya ake cirewa. Daga baya, a shekarun 1990, wani salon ya bayyana mai suna Pro Touring, na masu son tsohuwar mota ta iya shan kwana, ta kama birki, ta yi doguwar tafiya kamar sabuwa. Su ba sa son rasa kujerar baya ko but. Sai suka koma ƙaramar faɗaɗawa, a ƙara wa kowane gida kusan inci uku ta ciki, jikin mota ta waje kuwa ba a taɓa shi ba.

(GAJEREN KIƊA)

MAI GABATARWA: To, masu sauraro, ga inda gizo ke saƙar. Camaro ba ta da doguwar shasi daga gaba zuwa baya irin ta babbar mota. Daga tsakiya zuwa baya, jikin motar shi ne shasinta. Masu gyaran jikin mota a Kaduna da Kano sun san irin wannan ƙira a jikin Peugeot 504, wadda aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna. Gidan taya a irin wannan mota yana riƙe da daɓen but, yana riƙe da madogarar kujera, yana riƙe da ƙarfen da murfin but ke rataye a kai. Wanda ya yanke shi ya rage wa mota ƙarfi, kuma wajibi ne ya mayar mata da abin da ya ɗauka.

Saboda haka gwanin aiki ba ya farawa da yanka. Sai ya ɗora motar a kan matokarai huɗu, ya tabbatar ta zauna daidai ba karkata. Ya cire tankin mai ya fitar da shi daga garejin, ya cire kujerar baya da shimfiɗar ƙasa da wayoyin wuta, ya sauke aksul da sifirin. Ya kankare baƙin kwaltan da kamfani ya shafa a ƙarƙashin mota, domin yana kamawa da wuta, hayaƙinsa kuma na cutar da huhu. Sannan ya kawo ainihin tayar da za a saka, a kan rim ɗinta, ya gwada, ya auna, ya ja layi. Taya tana hawa tana sauka, tana kuma ɗan karkata a kwana, don haka sai an bar mata sarari ta kowane ɓangare.

Gidan tayar ɓari biyu ne, na ciki da na waje, kamfani ya haɗa su da ɗigon walda jere da juna. Ana bin ɗigon nan ɗaya bayan ɗaya da diril ana ɓalle su, a fitar da ɓarin ciki. Daga nan hanya biyu ce. Wasu kan raba tsohon ɓarin, su matsar da shi ciki, su cike giɓin da sirin ƙarfe. Wasu kuma su sayi sabon ɓari mai zurfi, irin wanda kamfanin Detroit Speed na jihar Karolina ta Arewa ke bugawa. Kowace aka bi, sai an yanki gefen dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin daɓe, wanda shi ne ƙashin bayan motar. Nan ne ba a wasa. Ana rufe wurin da aka yanka da faranti mai kauri, a yi masa walda ta ko'ina, ya koma rufaffen akwati yadda yake.

(SAUTI: tartsatsin walda, a tsaya, a sake)

MAI GABATARWA: Wannan sautin da kuke ji, na tsayawa da sakewa, shi ne sirrin waldar siririn ƙarfe. Kaurin ƙarfen jikin motar bai wuce kimanin milimita ɗaya ba. Ana amfani da injin walda mai tura waya, wanda ake kira MIG, da siririyar waya mai milimita 0.6, da iskar gas mai kashi 75 na agon da kashi 25 na kabon dayoksaid, wadda ke kare narkakken ƙarfe daga iska. Mai walda zai ɗana bakin bindigar walda, ya ɗiga ɗigo guda, ja ya bayyana kamar ƙwayar wake, ya ɗaga hannu. Sai ya tsallaka can nesa ya ɗiga wani. Ya dawo, ya taɓa ƙarfen da bayan hannu, in da sauran zafi ya jira. Haka zai yi ta kewayawa har ɗigon su haɗu su zama layi guda. Wanda ya yi gaggawa ya ja walda doguwa, ko dai ya ɓula ƙarfen, ko zafi ya lanƙwasa shi, har lanƙwasar ta bayyana a jikin mota ta waje. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana.

Inda ƙarfe ya hau kan ƙarfe, ana shafa fenti mai sinadarin zinki tun kafin a haɗa, domin bayan an rufe hannu ba zai ƙara kaiwa wurin ba. In an gama, a goge da giranda a hankali, a bi kowane layi da danƙon toshe kafa, a yi fenti. Taya tana watsa ruwa da laka a wurin nan kullum, kuma a arewacin Amurka ana zuba gishiri a kan titi lokacin ƙanƙara. Kafa ɗaya da aka bari, tsatsa ta samu ƙofa.

Aikin bai ƙare a nan ba. Sai an matsar da sifirin ciki, a sauya wa shoka mazauni, sau da yawa a sa tankin mai da ya fi na asali tsukewa, a rage faɗin ƙarfen kujerar baya.

(GAJEREN KIƊA)

MAI GABATARWA: Akwai kuma tambayar da ya kamata mai mota ya yi wa kansa kafin giranda ta taɓa ƙarfe: shin wannan motar ta cancanci a yanka ta? A samfurin 1969 kaɗai an ƙera Camaro fiye da 240,000, to faɗaɗa ɗaya daga cikinsu, musamman wadda tsatsa ta riga ta ci gidan tayarta, raya ta ne. Amma akwai nau'in ZL1 na wannan shekara, wanda guda 69 kacal aka ƙera. Irin wannan amana ce ta tarihi, kuma masana harkar ba sa yarda a sa mata wuƙa.

Abin da muke so matasanmu masu koyon walda su riƙe daga wannan shiri shi ne, a irin wannan aiki awo da jira sun fi riƙe bindigar walda cin lokaci. Kuma waldar da ke ƙarƙashin mota, wadda mai ita ba zai taɓa gani ba, ita ce ke riƙe da ransa da na iyalinsa in ya shiga kwana da gudu. Wanda ya kyautata ta ya cika amanar sana'arsa.

A nan za mu dasa aya. 

(KIƊAN RUFE SHIRI)