Abin da ke sa rinin gwajin tsoka ya fito da dabbare-dabbare

Idan likita a Jega, Aliero ko Maiyama ya yanko ƙari daga jikin majiyyaci, galibi akan aika da shi manyan asibitocin Birnin Kebbi ko Sakkwato ne, domin a tantance ko ciwon daji ne.

A can ake daskarar da tsokar a cikin kaki, a fere ta siririya, kaurinta bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ba. Daga nan sai a ɗora ta a kan gilashi a rina ta da sinadarai biyu: hematoksilin, mai mayar da cibiyar ƙwayar halitta shuɗiya, da iyosin, mai sa kewayenta ya yi ruwan hoda.

Idan rinin ya kama wani wuri ya bar wani, likita na iya kasa bambance ƙwayoyin cuta da lafiyayyu, lamarin da kan jinkirta magani.

Sau da yawa matsalar kan faro ne tun daga ɗakin tiyata. Dole ne a tsoma tsokar nan take a cikin ruwan fomalin mai ƙarfin kashi 10 cikin 100, wanda yawansa ya ninka girmanta aƙalla sau goma.

Fomalin yana ratsa tsoka ne sannu a hankali, kimanin milimita ɗaya a sa'a guda. Saboda haka idan aka cusa babban ƙari a ƙaramar kwalba, gefensa zai tsira amma tsakiyarsa ta fara ruɓewa a kan hanya, musamman a watan Afrilu da zafi kan haura digiri 40. Wannan ɓarna ce da babu wani rini da zai gyara ta.

Sauran matsalolin kuwa suna da magani. Rinin hematoksilin ruwa ne, shi kuwa ruwa ba ya ratsa kaki, don haka duk inda sinadarin zailin bai wanke kakin sarai ba, wurin zai fito fari-fari. Akan mayar da gilashin cikin sabon zailin a sake rinawa.

Idan kuma launin ya fito layi-layi, mai duhu da mai haske, to wuƙar na'urar ce ta dakushe ko ba ta ɗauru da kyau ba, ko kuma kakin ya yi laushi saboda zafi. Shi ya sa ake ɗora shi a kan ƙanƙara kafin a fere, abin da ke da wuya inda wutar lantarki ba ta tsayawa.

Ma'aikata kan kuma duba ko ruwa ya gauraya da sinadarin alkohol, ko rinin ya tsufa bai samu tacewa ba, ko kuma gilashin ya bushe ana tsakiyar aiki, kamar yadda yakan faru lokacin hunturu.

A ɗakunan gwaji masu bin ƙa'ida, kowace safiya akan fara rina wata tsoka da aka riga aka san kamanninta, kafin a taɓa ta majiyyaci.