Sifar "Complete" da Hanyoyin Fassara Ta

Daga cikin kalmomin Ingilishi masu ɗana wa mai fassara tarko akwai sifar nan "complete". Asalinta daga aikatau na Latin ne, "complere", wato cika abu har baki, kuma ta shiga Ingilishi a ƙarni na 14. Wannan asali ya yi daidai da na kalmar "cikakke", wadda aka ƙira daga aikatau "cika". Kamancin nan shi ke sa ɗalibi ya zaci duk inda ya ga "complete" sai ya ajiye "cikakke" a gurbinta. Al'amarin kuwa ba haka yake ba, domin Bature yana amfani da kalmar ta fuska uku.

Fuska ta farko ita ce abin da dukan sassansa suka hallara, babu giɓi. A nan "cikakke" ta zauna daram. Alal misali, "complete sentence" ita ce cikakkiyar jimla, "complete address" kuma cikakken adireshi.

Fuska ta biyu ita ce aikin da aka kai ƙarshensa. Idan Bature ya ce "the building is complete", Bahaushe aikatau yake ɗauka, ya ce an gama ginin, ko an kammala shi, da kalmar da aka aro daga Larabci. Wannan bambanci ba na wasa ba ne. A takardar kwangila, inda biyan kuɗi ya rataya ga gama aiki, wanda ya rubuta "ginin cikakke ne" ya buɗe ƙofar gardama.

Fuska ta uku ta ƙarfafawa ce kurum. A nan Hausa takan koma ga amsa-kama. "Complete silence" shi ne wuri ya yi tsit, "complete darkness" kuwa duhu dunɗum. Haka nan "complete stranger" ba cikakken baƙo ba ne, mutum ne wanda ba a san shi ba sam.

Sa'an nan ita ma "cikakke" tana da wata ma'ana tata. Cikakken mutum a wurin Bahaushe shi ne kamili, mai hankali da mutunci, kuma "complete" ba ta cika ɗaukar wannan nauyi ba. Ya zama wajibi ke nan mai fassara ya fara tantance fuskar da ake nufi a cikin jimla, kafin ya zaɓi kalma.