Katin Bashi Da Aron Lamba: Ina Matsayin Shari'a?

Wata tambaya tana yawo tsakanin 'yan kasuwar hatsi na Funtuwa da Dandume, har da ma'aikatan Malumfashi masu taɓa noma: shin mutum yana iya samun katin bashi na banki ba tare da ya ba da lambar shaidarsa ba? Amsar hukuma gajera ce. Babban Bankin Nijeriya ya fito da lambar BVN a 2014, cikin watan Disamba na 2023 kuma ya umarci bankuna kada su buɗe ko da ƙaramin asusu sai da BVN ko lambar ɗan ƙasa ta NIN. Wanda ba shi da asusu kuwa, ina zancen kati?

To, daga nan ne waɗansu suka ɓullo da dabarar aron lamba. Maigida ya kira ƙanensa ko yaron shagonsa ya ce, kawo taka a cike takarda, ai ba komi. Alhali kuwa da komi. Tun watan Agusta na 2020 akwai ƙa'idar da ake kira GSI, wadda ta ba banki iko, idan an kasa biya, ya bi lambar ya ɗebi kuɗinsa daga asusun mai ita a kowane banki yake. Watau a idon hukuma yaron nan shi ne ya ci bashin, ko da bai ga sisin kwabo ba. In masara ta faɗi a kasuwa bayan kaka maigida ya gaza, ɗan abin da yaron ya tara na aure shi za a kwashe.

Jama'a, mu duba aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo cikin Alƙur'ani, kuma a kan bashi ta sauka. Ta yi umarni a rubuta shi, a kafa shaidu, kuma wanda ake bi shi ne zai yi shifta da bakinsa. Ashe ke nan Shari'a ta riga banki neman mai cin bashi ya bayyana kansa. A da, manomin da ke kai auduga Funtuwa ba ya bukatar lamba, domin mai unguwa ya san gonarsa, dillali ya san ubansa. Banki bai san kowa ba, sai lambar ta tsaya a matsayin wannan sanayya. Wanda ya shigar da ta wani ya ha'inci mai ba da bashi, ya kuma ɗora wa ɗan'uwansa lamunin da bai fahimta ba, ga shi kuwa lamuni ba ya inganta sai da yardar mai ɗauka.

Har ila yau, ko da mutum ya kawo tasa ta gaskiya, da sauran magana. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyad a 2000, ta zartar cewa bai halatta a yi hulɗa da katin bashin da aka sharɗanta wa kuɗin ruwa ba, ko da mai shi ya ƙudurta biya kafin ruwan ya hau. Mai son jari na taki ko na sarin hatsi yana iya neman cinikin murabaha a bankunan da ba su ta'ammali da riba, irin su Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012. Amma can ma, sai ya je da tasa lambar.